Fitar Asabar da masu tatata: kundin kakar 2024 a Manchester

Asabar, 21 ga Satumba

Mun yanke shawara a gidan maman 'yan biyu cewa daga yau har ƙarshen Nuwamba, duk Asabar sai mun fitar da ƙananan yaranmu waje, da ruwa ko ba ruwa. Gida huɗu ne, uku daga Najeriya, ɗaya daga Damagaram, dukkanmu muna zaune tsakanin unguwannin Rusholme da Longsight a Manchester ta Birtaniya. Cikin yaran babu wanda ya cika shekara huɗu, ƙaramarsu kuwa yanzu take tatata. Ni aka ɗora wa rubuta abin da muka yi, don wasu iyayen su ɗauki abin da ya yi musu.

Wanda duk ya zauna a ƙasar nan ya san halinmu. Da Oktoba ta kama sai mu ja ƙofa, mu kunna hita, mu miƙa wa yaro waya, ba zai sake taka ciyawa ba sai Afrilu. Tsoron sanyi da shi muka taho daga gida. To amma hunturunmu na 'yan watanni ne, kuma da hantsi ya yi yara sun fita wasa. Nan kuwa rabin shekara ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Ta ce ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allo sam, daga shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya. A ɗan falo a bene na biyu, ga maƙwabcin ƙasa da ke buga silin da sandar tsintsiya in yaro ya yi tsalle, ta ina awa ukun za ta fito?

Sharuɗɗanmu kaɗan ne. Wurin ya zama na zuwa da ƙafa. Kada a kashe kuɗi sai ya zama dole. Kada a wuce awa ɗaya da rabi. Mun zaɓi lambun Platt Fields da ke kan titin Wilmslow, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1910, akwai tafki a tsakiyarsa da manyan itatuwa. 'Yar Damagaram ce ta kawo shawarar da na fi so: mu ɗauki bishiya guda mu riƙa gaishe ta duk zuwa, yara su ga yadda take sauyawa. Yau rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe bakwai, don haka fitar la'asar muka tsayar.

Asabar, 28 ga Satumba

Makon nan duk a neman kaya ya ƙare. Abu uku ne ba makawa: dogon takalmin roba, rigar ruwa ta gaba ɗaya mai zif daga wuya har ƙasa, da hula mai rufe kunne. Sabbi suna da tsada, ga yaro wata shida ya fi ƙarfinsu, don haka shagunan gwanjo muka bi, sauran muka yi musaya a tsakaninmu. A ciki muna sa musu riguna marasa kauri biyu ko uku maimakon jibgegiya ɗaya, in yaro ya yi gumi a cire guda. Masu mota kuma su tuna, ba a ɗaure yaro a kujerarsa da rigar sanyi mai kumburi a jikinsa, domin bel ɗin ba zai kama shi sosai ba. A cire, a ɗaure, sannan a lulluɓa masa ita ta sama.

Surukata ta zo daga Kano tun watan jiya, sai Disamba za ta koma. Da ta ga ina cusa ɗana cikin rigar ruwa sai ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, a wannan sanyin za ki fita da shi? Ai sai ya shige shi."

"Hajiya, ku zo mu je tare ku gani. In bai yi muku ba sai mu juyo."

Ta yafa mayafi a kan suwaita biyu ta biyo mu.

Bishiyar da muka ɗauka irin wadda Turawa ke kira horse chestnut ce, asalinta daga yankin Balkan. Yanzu ne take zubar da 'ya'ya. Kowane yana cikin koren kwanso mai ƙaya, in ya fashe sai ga ƙwallo ja-ja mai sheƙi, yaran nan na ce masa konka. Ɗana ya durƙusa, ya ɗauki guda, ya juya shi, ya miƙa wa kakarsa. Hajiya ta duba ta ce wannan ai goro ne sak, har ta kai shi hanci. Nan na tare ta. Konka ba a ci, akwai guba a cikinsa da ke sa amai da ciwon ciki, kuma girmansa daidai maƙogwaron yaro. Akwai wani mai kama da shi da ake gasawa a sayar a titi lokacin sanyi, amma shi kwansonsa cike yake da ƙayoyi sirara masu yawa, kuma bishiyarsu daban.

Dokar da muka kafa ke nan: a tsinta, a zuba a bokiti, a ƙirga, a juye, a sake tsinta, amma babba na tsaye a kai, kuma ba a shiga gida da ko ɗaya a aljihu. Cikawa da juyewar nan kaɗai ta riƙe su har lokaci ya cika. Ba wanda ya nemi lilo.

Asabar, 5 ga Oktoba

Bakin tafki. Mun zo wa agwagi da koren wake na firiza da aka bari ya saki, da masara, da yankakken latas. Masu kula da ruwayen ƙasar nan sun daɗe suna roƙon a rage ba su burodi, yana cika musu ciki ba amfani, ragowar kuma tana ɓata ruwa. Dinyoyin Kanada sun fi agwagin yawa da rashin kunya, tsayinsu ɗaya da 'yan biyu, har ɗaya ta fizge leda daga hannun macen. Kuka ya tashi. A bakin ruwa kowane yaro da babba guda riƙe da shi, ba a raba hankali. Kashin dinya kuwa ko'ina, sai an wanke hannu kafin a buɗe fulas ɗin kunu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ba ranar fita ba ce, amma muhawarar da aka kwana ana yi a zaurenmu na WhatsApp ta shafi aikin, gara in rubuta.

Asibitin unguwa ya aiko saƙo a kawo 'yan shekara 2 da 3 rigakafin murar nan mai zazzaɓi da ke yawo duk lokacin sanyi. Wanda aka saba ba yara feshi ne a hanci, kuma akwai jelatin da aka samo daga alade a cikinsa. Malamai sun saɓa a kai, wasu sun halatta saboda an sarrafa shi ya sauya kuma magani ne, wasu ba su natsu ba. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne akwai na allura wanda babu jelatin ɗin, kuma hukumar lafiya ta NHS tana bayarwa in uwa ta ce shi take so. Biyu daga cikinmu sun karɓi feshi, biyu allura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a share saƙon a yi shiru.

Sai bitamin D. Daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi, mu masu baƙar fata kuma ko da bazara ba lallai mu samu isasshe ba. Shawarar NHS ita ce ɗan shekara 1 zuwa 4 a riƙa ɗiga masa maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Rashinsa ne ke sa ƙashi laushi har ƙafar yaro ta yi baka. Kada wata ta ɗauka fitar Asabar ta isar mata, ba ta isar ba.

Maman 'yan biyu ta tambaya ko fitar ce ta jawo wa nata majina. Mura ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga wani, kuma ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai ɗumi inda yara suka cunkushe. Nata suna zuwa gidan raino kwana uku a mako. Ba sai an yi dogon bincike ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar ganye. Lambun ya fara rinewa, rawaya ta fi yawa, nan da can ja. Babban cikin yaran ya tambayi ubansa wa ya shafa musu fenti. Amsar ita ce, in yini ya gajarce sanyi ya shigo, bishiya takan daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, ta janye abin amfanin da ke ciki ta adana a jikinta, sai launin rawayan da dama yana nan a ɓoye ya bayyana. Uban ya taƙaita masa da cewa bishiya za ta yi barci ne, tana tuɓe riga. Ya gamsu.

Tamu bishiyar ba ta yi wannan kwalliyar ba. Tun Satumba ganyenta ya yi ruwan ƙasa ya ƙanƙance, saboda tsutsar wani ƙaramin ƙwaro da ke cin cikin ganyen irin wannan ice, wanda aka fara gani a ƙasar nan a Wimbledon ta Landan a 2002. Ba ya kashe ta, muni kawai yake sa ta.

Mun zo da takarda da gam da fensirin kala, da niyyar a manna ganye a yi hoto, a kuma shimfiɗa takarda a kan ganye a goga kala jijiyoyinsa su fito. Ɗan shekara uku da rabi ya yi, har ya yi kyau. Sauran ko kallo. Ɗaya ta lashi gam, ɗaya ya yayyaga takardar, ɗana ya yi tafiyarsa. Da maigidana ya tara ganye da ƙafa ya yi tsibi ya faɗa ciki, nan wasa ya samu. Suka yi ta afkawa, suna watsawa sama, suna binne juna, suna sauraron ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi. Hotunan da ake gani a intanet na 'yan shekara biyu zaune suna haɗa zane mai tsari, ina kyautata zaton hannun uwa ne ya yi, aka ɗauki yaro a gefe. Kafin shekara uku, abin da za a taka, a ɗauka, a jefa, a cika, shi ne wasa.

Abu ɗaya: a tara tsibin da kai daga fili mai tsafta. Wanda aka tarar a gindin shinge ba a san me ke ƙasansa ba, kashin kare ko fasasshiyar kwalba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun karya dokar kusa, mun tafi Dunham Massey wajen Altrincham, tsohon gidan sarauta da ke hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust tun 1976, don yara su ga barewa. Oktoba ce lokacin barbararsu, mazan na gurnani suna karo da ƙaho, don haka daga kan hanya ake kallo, ba a matsawa, ba a ba su abinci. Wuri ne mai kyau ƙwarai, manya sun more. Yaran kuwa sun kalli barewa na ɗan lokaci, sannan suka gano wani kududdufi a gefen hanya, a nan suka ƙare ranar. Biyu sun yi barci a mota tun kafin a isa, suka tashi da rigima. In za mu koma, sai sun ƙara shekara.

Litinin, 21 ga Oktoba

Jiya guguwar da aka sa wa suna Ashley ta wuce, ta fi ƙarfi a Scotland da Ireland amma mu ma mun ji ta. Na bi ta lambun da ɗana da safe, ƙananan rassa zube ko'ina. Ya ɗauki sanda ya ja ta har gida. Mun ƙara doka: ruwan sama ba ya hana mu fita, amma in hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin iska, ba mai shiga ƙarƙashin itatuwa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Makon kabewa. Gari ya cika da ita saboda bikin Halloween na 31 ga wata, inda ake ƙwaƙule cikinta a yanka mata ido da baki a kunna kyandir. Mu ba ma yin bikin, kuma ba wata rigima a ciki, domin a al'adar unguwanni da yawa yara masu neman alewa gidan da aka ajiye kabewa a ƙofa suke ƙwanƙwasawa. Amma kabewa ai tamu ce tun kafin mu san da wani biki.

Da safe mun je wata gona a bayan gari inda ake biyan kuɗin shiga a zaɓi kabewa. Ban ga ribar ba. An riga an yanke su an jera a fili, taɓo har idon sawu, layin ɗaukar hoto ya fi layin awo tsawo, kuma farashin ya ninka na kanti. Abin da yaran suka so shi ne baro, a ɗora su a tura.

Da yamma ne aka yi na gaske, a kicin ɗin 'yar Damagaram. Ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta fasa kabewa biyu, ta ajiye kowace a faranti, aka tuɓe wa yara riga aka bar su da ita. Da farko ƙyama suka yi. Ƙaramar ta sa yatsa ɗaya, ta ciro, ta duba zaren da ya manne mata, ta kalli uwarta, sai ta zura hannu har gwiwa. Daga nan aka shiga yaƙi: a damƙo, a matse 'ya'yan su sulluɓe, a zuba a roba, a wanke, a tsame da matsami. Mun fi awa a haka. 'Ya'yan mun gasa wa manya, yara ba su samu ba, don su ma kamar gyaɗa suke wajen shaƙewa, kuma a nan shawarar likitoci ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa guda-guda, sai niƙaƙƙiya.

Hajiya ce ta karɓi tukunya. Ta yanki irin ta bikin, ta ɗanɗana ɗanya, ta ture gefe. Ta ce wannan ruwa ce zalla, ba ta da gari, ba za ta ɗaure miya ba. Gaskiyarta, don girma da kyan gani ake noma ta. Doguwar nan mai wuya da ake kira butternut ita ta fi kusa da tamu, da ita aka yi taushe: an dafa ta da nama har ta narke, aka dama niƙaƙƙiyar gyaɗa, aka sa tattasai da albasa da daddawa, alayyahu daga ƙarshe. Yakuwa ba ta samu ba, aka matsa lemon tsami kaɗan. An ɗebar wa yara nasu kafin a zuba attaruhu. Da tuwon shinkafa aka ci. Ɗana da ba ya yarda da miyar ganye ya cinye ya miƙo kwano, ina jin don ya ga abin tun yana ɗanye a hannunsa.

Wani abu da ake gargaɗi a kai duk shekara: kada a kai ragowar kabewa cikin daji ko lambu da sunan ciyar da namun daji. Tana ɓata wa bushiya ciki, a daidai lokacin da take tara kitse don barcin hunturu.

Litinin, 28 ga Oktoba

Jiya Lahadi da ƙarfe biyun dare aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk Lahadin ƙarshen Oktoba. Shekaranjiya magariba ta yi wajen shida saura, jiya biyar saura. Yara ba su san da agogo ba, mai tashi shida ya tashi biyar. Maman 'yan biyu ta fi mu dabara, tun tsakiyar mako take jinkirta musu kwanciya da minti goma sha biyar kowane dare, nata ba su gigice ba. Najeriya da Nijar yanzu sun riga mu da awa ɗaya, sai a gyara lokacin kiran kakanni.

Fitar la'asar ta ƙare. Ba ma son magariba ta riske mu a waje da yara, kuma nan gaba azahar da la'asar da magariba za su matso juna cikin awa huɗu. Mun koma ƙarfe goma na safe.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Shuka. An so a sa furen daffodil da ke fitowa da bazara, na hana, domin kansa kamar albasa yake kuma guba ne, ga yara masu kai komai baki. Tafarnuwa muka shuka. Kaka ce lokacinta a nan, tana buƙatar ta sha sanyi na wata ɗaya zuwa biyu kafin kanta ya rarrabu, a cire ta wajen Yuni ko Yuli. Kowane gida bokiti guda da aka huda ƙasansa, da ƙasar shuka. Babba ya ɓare tafarnuwar, yaro ya huda rami da yatsa, a sa tsinin yana kallon sama, a rufe da ƙasa kaɗan, tazarar kamar tafin hannun babba. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ya bi baya yana tone duk wadda aka binne don ya ga ko ta tsiro. An sake binnewa bayan ya yi barci.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kusan mako guda ke nan dare ba ya shiru. Bikin Diwali na Indiyawa ya faɗo ƙarshen Oktoba, jiya kuma 5 ga Nuwamba, daren da Ingila ke tuna yadda aka kama Guy Fawkes a 1605 da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisa, shi da abokansa suna shirin halaka Sarki James na ɗaya. Tun daga lokacin ake hura wuta a harba tartsatsi sama. Doka ta hana harbawa bayan sha ɗayan dare, amma a wannan daren an ɗaga zuwa sha biyu, na Diwali har ƙarfe ɗaya.

Ba mu kai yara ko'ina ba. Ƙarar ta fi ƙarfin kunnensu, ga cunkoso, ga duhu. Sandar tartsatsin nan da ake riƙewa a hannu ma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5, zafinta ya isa ya ƙona fata nan take. Mun taru a gidan da ya fi tsawo, aka kashe fitila, aka jera su a taga da kofin madara. Tun da rana muka yi ta faɗa musu za a ji bum, za a ga wuta mai kala, ba abin tsoro ba ne. Uku sun yi ta tafi. Ƙaramar ta maƙale a baya, sai da aka goya ta da zani ta yi shiru.

Wadda abin ya fi taɓawa babba ce. Ɗaya daga cikinmu a Maiduguri ta girma, kuma shekarunta a nan ba su sa ta saba da wannan makon ba. Ta zauna a kicin da rediyo a kunne, Hajiya ta je ta zauna da ita.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kwanakin farkon watan nan rana ɓuya ta yi gaba ɗaya, sama fari fat, ba ruwa ba haske. Yau mun hau taragon Metrolink, jirgin ƙasa na cikin gari, na layin Bury zuwa lambun Heaton Park, 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya. Lambun ya kai eka 600, hukumar birni ta saye shi a 1902, kuma akwai sashen dabbobi da ake shiga kyauta. Awaki sun burge yara. Hajiya ta tsaya kan shanun Scotland masu gashi har ido, tana tambayar ta ina suke gani. Taragon kansa rabin shagalin ne, da za mu yi ta zagaye a ciki ba mu sauka ba, ba mai ƙorafi.

Kurege ko'ina, suna binne abinci. Masu ruwan tokan nan baƙi ne daga Amurka ta Arewa, an fara sakin su a 1876 a Henbury Park da ke Cheshire, nan kusa da mu, suka yaɗu suka kori jajayen na asali. Mai son ganin ja a yankin nan sai ya je Formby, bakin teku wajen Liverpool.

A gindin wani ruɓaɓɓen kututture muka tarar da laimar kwaɗi tsibi guda. Ɗana ya miƙa hannu, ubansa ya riƙe. Wannan da jajayen 'ya'yan itace da ke kan shinge yanzu, dokarsu ɗaya, kallo da ido. In yaro ya riga ya kai baki, a ɗauki hoton abin ko a tsinko ragowar, a kira 111, layin neman shawara na NHS, kada a sa shi amai. In numfashi ya sauya ko ya fara sumewa, a kira 999, layin gaggawa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar Talata an wayi gari da 'yar dusar ƙanƙara, farkon gani ga Hajiya da ƙaramar. Yau kuma guguwar Bert, ruwa da iska tun asuba. Dokar iska ta yi aiki. Mun shiga bas zuwa gidan tarihi na Manchester Museum a titin Oxford, na jami'a ne, shiga kyauta, an sake buɗe shi a Fabrairun 2023 bayan gyara. Kwafin ƙasusuwan dodon nan na zamanin da, wato dinoso, wanda suke kira Stan, ya tsorata 'yan biyu. Ɗakin kwaɗi masu rai ya fi karɓuwa, sai da aka ɓamɓare su daga jikin gilashi. A je da wuri, domin duk iyayen garin dabara ɗaya suke yi ranar ruwa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau ce ranar da muka ce za mu tsaya, amma ba wanda ya kawo maganar. Bishiyarmu ta zama rassa zalla, a bakin kowane reshe akwai toho mai danƙo da zai buɗe da bazara, an ɗaga yara sun taɓa. Tafarnuwa ta fito a bokiti uku, koren tsiro kamar tsawon yatsa. Na huɗun ruwa ya kwanta a ciki ta ruɓe, hujin ya yi kaɗan, za a sake sawa tunda lokaci bai ƙure ba.

Mura kowa ya yi, manya da yara, kamar kowace shekara. Abin da iyaye suka lura da shi shi ne ranar da aka fita, barcin rana ba ya wahala kuma ba a neman waya sai yamma. Kayan da suka fi amfani su ne bokiti, fulas da safa ta canji. Takalmi in ya jiƙe a cusa masa tsohuwar jarida a ajiye kusa da hita, kada a ɗora a kai.

Matsalar da ba mu warware ba ita ce iyaye maza. Biyu suna aikin dare, Asabar da safe barci suke, a bakin ruwa kuma hannu ba ya isa. Za mu gwada Lahadi mako biyu mu gani. Magariba yanzu kafin ƙarfe huɗu take yi, don haka goma na safe tana nan. Hajiya za ta tafi tsakiyar Disamba, ta ce a nemo wa jikokinta na Kano irin takalmin robar nan saboda damina. Fita ta gaba Lahadi 8 ga Disamba, lambun Fletcher Moss a Didsbury, bas daga titin Wilmslow. Wadda takalmin ɗanta ya matse ta zo da shi a yi musaya, kuma har yanzu muna neman safar hannu mai hana ruwa ta ɗan shekara ɗaya.